Yadda ake auna sinadaran da kulorin ke haifarwa a ruwan famfo

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a ɗakin gwajin ruwa na wata matatar birni. Kullum muna auna dagulewar ruwa da tsaminsa da ragowar kulorin da ƙwayoyin cuta, amma an ce mana kulorin ɗin da muke zubawa yana haifar da wasu sinadarai masu illa. Ta yaya ake auna su, kuma daga ina ya kamata mu fara?

Amsa: Malam, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, kuma an san shi tun shekarar 1974, lokacin da Johannes Rook, masanin sinadarai a ma'aikatar ruwa ta birnin Rotadam na ƙasar Holan, ya nuna cewa kulorofom ɗin da ake gani a ruwan famfo ba daga kogi ya zo ba, a cikin matatar ake haifarsa bayan an zuba kulorin. A wannan shekarar wasu masana a hukumar kare muhalli ta Amurka suka kai ga irin wannan sakamako, kuma a 1976 gwajin da cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar ta yi a kan ɓeraye ya nuna kulorofom yana jawo cutar idan aka ba su shi da yawa. Daga nan ne a 1979 Amurka ta sa wa jimillar kulorofom da danginsa iyakar farko ta maikurogiram 100 a kowace lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram).

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ruwan kogi da na madatsa yana ɗauke da narkakken ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da gansakuka, wanda tacewa ba ta cire shi duka. Kulorin ba ya bambance ƙwayar cuta da wannan narkakken abu, don haka yana kama shi, ya farfasa shi, ya manne a jikinsa. Iyalai biyu ne suka fi yawa a cikin abin da ke fitowa. Na farko su ne THM, wato dangin kulorofom da ake kira tirihalometen, waɗanda guda huɗu ne: kulorofom, da mai ɗauke da buromin ɗaya, da mai buromin biyu, da buromofom mai buromin uku. Na biyu su ne HAA, wato dangin asid ɗin haloasetik, waɗanda tara ne masu kulorin ko buromin, amma dokar Amurka biyar take lissafawa. Buromin yana shigowa ne idan akwai gishirin buromayid a ruwan asali, kuma masu ɗauke da shi sun fi tayar wa masana hankali. An gano irin waɗannan sinadarai fiye da 600, kuma duk da haka kusan rabin halojin, wato kulorin da buromin da danginsu, da ke manne da narkakken abu a ruwan da aka zuba wa kulorin ba a tantance sunansa ba. Saboda haka idan ka auna THM da HAA, wakilai kawai ka auna, ba dukan taron ba.

Kafin in shiga aikin na'ura, ga abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci: ingancin adadin da za ka samu ya dogara ne a kan inda ka ɗebi ruwan, da lokacin da ka ɗebe shi, da abin da ka yi wa kwalbar kafin ta isa ɗakin gwaji. Na'ura ba ta gyara samfurin da ya riga ya lalace, sai dai ta ba ka adadi mai kyan gani wanda bai da alaƙa da abin da mutane ke sha.

Dalili shi ne haihuwar waɗannan sinadarai ba ta ƙarewa a matata. Muddin akwai ragowar kulorin da narkakken abu, aikin yana ci gaba a cikin tankin ajiya, da babban bututu, da ƙananan bututan unguwa, na tsawon awanni har kwanaki. Wanda ya ɗebi samfuri a bakin fitar matata kawai, mafi ƙanƙantar adadin THM zai gani, ya rubuta rahoto cewa kome lafiya, alhali gidan da ke ƙarshen layi, inda ruwa ya fi daɗewa a hanya, shi ne ke karɓar mafi yawa. Amurka ma ta daɗe tana haɗa sakamakon dukan wuraren ɗiba ta fitar da matsakaici guda, har aka fahimci cewa unguwanni masu ƙarancin adadi suna rufa wa masu yawa asiri. A dokar 2006 aka koma lissafa matsakaicin shekara na kowane wurin ɗiba shi kaɗai. Wannan darasi ne da ya kamata ka ɗauka tun daga ranar farko, ba sai ka maimaita kuskuren ba.

HAA kuma ba sa bin wannan tsari daidai. A ƙarshen layi, inda kulorin ya kusa ƙarewa, ƙwayoyin halittar da ke manne a bangon bututu suna iya cinye wani ɓangare nasu, don haka sau da yawa a tsakiyar hanya ake samun mafi yawansu. Tsamin ruwa ma yana raba iyalan biyu: idan ma'aunin pH ya hau, wato tsamin ya ragu, THM suna ƙaruwa, wasu daga cikin HAA kuma suna raguwa, idan ya sauka sai lamarin ya juya. Matatar da ke zuba farar ƙasa don ɗaga pH bayan alif tana bukatar ta san wannan. Saboda haka mafi ƙarancin tsarin da zan ba ka shawara shi ne wurin ɗiba a bakin fitar matata, da wani bayan babban tankin ajiya, da wani a tsakiyar rabon ruwa, da aƙalla biyu a ƙarshen layuka mafi nisa, kuma ka riƙe waɗannan wurare ba tare da sauya su ba, domin sai da haka za ka iya kwatanta bana da bara.

Game da lokaci, dokokin ƙasashen da suka daɗe a wannan aiki suna neman ɗiba sau huɗu a shekara, tare da tabbatar da cewa watan da ruwa ya fi zafi yana ciki. A ƙasarmu wannan yana nufin kada ka tsallake bazara, lokacin da zafi ke hanzarta haɗuwar kulorin da narkakken abu, ruwan madatsa ya ja baya, gansakuka ta yi yawa. Kada kuma ka tsallake farkon damina, lokacin da ruwan sama na farko ke wanko ruɓaɓɓen ganye da taki da dattin gari zuwa kogi. Biranen da ke shan ruwan kogi ko madatsa, irin su Kano da matatunta na Tamburawa da Challawa, ko Abuja da madatsar Usuma, ko Yamai da ke ɗiba daga kogin Kwara, su wannan magana ta fi shafa, domin ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi yawanci ba shi da narkakken abu da yawa. Sai dai kada jan ruwan damina ya ruɗe ka. Dagulewa galibi laka ce, kuma laka daban, narkakken abu daban. Ruwa zai iya yin garau a ido amma yana ɗauke da abin da zai haifar da THM mai yawa.

Akwai kuma abin da littattafan ƙasashen waje ba su cika tanada ba, wato ruwan da ba ya zuwa kullum. Inda famfo ke kawo ruwa yau ya ɗauke gobe, ruwan da ya fara fitowa ya kwana a bututu, na bayansa kuma sabo ne, sannan abin da iyali ke sha ba daga famfon yake zuwa kai tsaye ba, sai ya zauna a tankin roba a saman gida cikin rana, ko a jarkar ɗan garuwa, ko a randa. A rufaffen tanki mai sauran kulorin THM suna iya ci gaba da ƙaruwa, a buɗaɗɗen mazubi kuma suna tashi su bi iska. Idan manufarka ita ce bin doka, ka ɗiba a famfo bayan ka bar shi ya zuba har zafin ruwan ya daidaita. Idan kuma kana son sanin abin da ke shiga cikin mutane, dole ka ƙara samfuri daga tankunan gidaje, ka rubuta su daban, kada ka cakuɗa sakamakon biyu.

Yanzu ga kwalbar kanta. THM sinadarai ne masu saurin tashi, kuma suna guje wa ruwa kamar yadda gas ke fita daga lemon kwalba da aka buɗe aka girgiza. Don haka ake amfani da ƙaramar kwalbar gilashi mai cin mililita 40, wadda murfinta ke da shimfiɗar tefulon. Za ka cire ragar bakin famfo idan akwai, ka rage ƙarfin zubar ruwan, ka karkata kwalbar ruwa ya gangara ta jikinta ba tare da fantsama ba, ka cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, sannan ka rufe. Ka kifa ta ka ɗan ƙwanƙwasa. Idan ka ga kumfar iska, ka ɗauki sabuwar kwalba ka sake. Kwalbar roba ba ta wannan aiki.

Kafin ka zuba ruwan, dole a riga an sa maganin da zai tsayar da kulorin a cikin kwalbar, in ba haka ba zai ci gaba da haifar da THM a hanya, ka auna abin da aka haifa a cikin mota. Zaɓen maganin ya danganta da hanyar gwajin. A hanya mai lamba 524.2 ta hukumar kare muhalli ta Amurka ana sa asid ɗin askobik, wato bitamin C, sannan a ɗiga asid ɗin haidurokulorik har pH ya sauka ƙasa da 2. A hanyoyi masu lamba 551.1 (ta THM) da 552.3 (ta HAA) kuma gishirin amoniyam kulorayid ake sawa, wanda ke mai da kulorin zuwa kuloramin mai sanyin aiki. Saukar da pH ba ado ba ne, domin akwai wasu sinadarai a ruwan da ke rikiɗewa su zama kulorofom idan aka bar su, su kumbura adadin. Kada ka kurkure kwalbar da aka sa wa magani, kuma kada ka bari ta yi ambaliya da yawa har maganin ya fita. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara, a ajiye a sanyin da ke kusa da digiri 4, cikin duhu, a kuma yi gwajin kafin kwana 14. A wurin ɗibar ka auna ragowar kulorin da ƙwayar DPD da ka saba, da pH, da zafin ruwan, ka rubuta sa'a, domin ba tare da waɗannan ba, ba za ka iya bayyana dalilin da ya sa adadin wata unguwa ya fi na wata ba.

A ɗakin gwaji, na'urar da ke raba sinadarai a cikin siririn bututu mai zafi, wato kuromatogirafin gas, ita ce ginshiƙi. Ana fitar da THM daga ruwan ta ɗayan hanyoyi uku: a girgiza ruwan da wani kaushi irin su MTBE ko fenten su koma cikinsa, ko a hura gas mai tsabta ta cikin ruwan a kama abin da ya taso a tarko, ko a ɗumama rufaffiyar kwalba a zuƙi iskar da ke samanta. Bayan an raba su, sashen na'urar da ke gano su iri biyu ne. Akwai mai kama elektaron, wanda James Lovelock ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1950, mai tsananin jin duk abin da ke ɗauke da kulorin ko buromin, kuma ya fi araha. Akwai kuma mai auna nauyin ɓarɓashin sinadari, wanda ya fi tsada amma yana tabbatar maka da sunan abin da ka gani. Ka lura cewa na farkon yana ɗauke da ɗan nikel 63 mai fitar da tururin nukiliya, don haka mallakarsa na bukatar izinin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. HAA sun fi wahala, domin ba sa tashi da kansu: sai an tsananta tsamin ruwan, a fitar da su da kaushi, a dafa su da metanol mai asid na kimanin awa biyu har su koma siffar da za ta iya bi ta na'urar.

Sayen na'urar ba shi ne babbar matsala ba, riƙe ta ne. Tana son wutar lantarki marar yankewa, da gas mai matuƙar tsabta, da ingantattun sinadaran ma'auni da ake gwada ta da su, da ma'aikacin da ya zauna a kanta. Kowane zagaye na gwaji yana tafiya da ruwan da aka tabbatar babu kome a cikinsa, wanda aka kai fili aka dawo da shi tare da sauran kwalabe, da samfuri biyu daga famfo guda, da wani da aka ƙara wa sanannen adadi don a ga ko za a same shi. A hanyar HAA ana karɓar abin da ya dawo tsakanin kashi 70 da 130 cikin ɗari. Kulorofom kaushi ne da ake yawan amfani da shi a ɗakunan gwaji na jami'o'i, kuma buɗaɗɗiyar kwalbarsa guda a ɗakin ta isa ta gurɓata sakamako ta iska. Idan ka aika samfuri wani wuri aka dawo maka da adadi ba tare da sakamakon waɗannan gwaje-gwajen tabbatarwa ba, da mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu ke iya gani, ka nemi a ba ka su kafin ka sa hannu a rahoto.

A ra'ayina, matatar da ba ta da wannan na'ura kada ta jira ta. Ta riƙa aika samfuri sau huɗu a shekara zuwa ɗakin gwajin da ke da ita, a gida kuma ta riƙa bibiyar abin da ke haifar da matsalar. Narkakken abin nan yana shan hasken da ido ba ya gani a tsawon zango na nanomita 254, kuma na'urar auna shan haske da ke kaiwa wannan zango tana samuwa a ɗakunan gwaji da yawa. Ka tace ruwan da matacin maikuron 0.45, ka auna ɗanyen ruwa da wanda ya fito daga tacewa, kullum ko kowane mako. Idan kana da hanyar auna narkakken kabon, ka raba shan hasken na santimita ɗaya da miligiram ɗin kabon a lita, ka ninka da 100: abin da ya haura 4 yana nuna nau'in da ke haifar da THM da yawa amma alif yana kama shi sosai, abin da ya gaza 2 kuma alif ba ya yi masa wani tasiri. Ƙarfen da ya narke a ruwa yana iya ɗaga wannan awo, sai ka kiyaye. Akwai kuma gwajin da ake zuba wa ruwa kulorin mai yawa a ajiye shi kwana 7 a zafin digiri 25, don a ga iyakar abin da zai iya haifarwa. Yana da amfani wajen kwatanta kogi da kogi, amma ba shi ne abin da ke famfo ba, kuma kuskure ne a gwada sakamakonsa da iyakar doka.

Idan adadi ya zo hannunka, da me za ka gwada shi? Amurka a yau ta tsaya a maikurogiram 80 a lita na jimillar THM da 60 na HAA biyar. Tarayyar Turai ta sa 100 ga THM, kuma a dokarta ta 2020 ta ƙara 60 ga HAA. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowanne nasa: 300 ga kulorofom, 60 ga mai buromin ɗaya, 100 ga mai buromin biyu, 100 ga buromofom, da sharaɗin cewa idan aka raba kowanne da iyakarsa aka tara, jimillar kada ta wuce 1. Ɗauki misalin ruwa mai 60 da 24 da 10 da 2 a jere. Rabon zai ba da 0.2 da 0.4 da 0.1 da 0.02, jimilla 0.72, wato bai wuce iyakar hukumar ba. Amma jimillar nauyinsa 96 ce, ƙasa da iyakar Turai, sama da ta Amurka. Ka ga ke nan dole rahoto ya faɗi ma'aunin da aka bi, kuma ya kawo sinadaran huɗu ɗaya bayan ɗaya. A Najeriya kundin ma'aunin ruwan sha mai lamba NIS 554 shi ne abin da doka ta ɗora maka, sai ka duba bugun da ke aiki. Waɗannan iyakoki an gina su ne a kan shan ruwa na tsawon rayuwa, saboda alaƙar da binciken al'umma ya nuna tsakanin daɗewa ana shan ruwa mai yawan THM da ciwon dajin mafitsara, don haka samfuri guda da ya haura ba dalilin firgita gari ba ne, dalilin sake ɗiba da bincike ne.

Kada ka tsaya a THM idan ba gas ɗin kulorin kuke amfani da shi ba. Ruwan haifokulorayit, wato kulorin na ruwa irin bilic, da aka ajiye a ɗaki mai zafi yana lalacewa ya haifar da kuloret, kuma da yake ƙarfinsa ya ragu sai a ƙara yawan wanda ake zubawa, kuloret ɗin ya ƙaru. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan miligiram 0.7 ce a lita. Masu amfani da ozon, kamar wasu kamfanonin ruwan gora, buromet ne abin tsoronsu, ɗan'uwan wanda NAFDAC ta hana sawa a burodi, iyakarsa maikurogiram 10 a lita, kuma shi ne ya sa aka janye ruwan Dasani daga kasuwannin Birtaniya a 2004. Waɗannan da wata na'ura ake auna su, mai raba narkakkun gishiri. Kuloramin kuma yana rage THM amma yana iya haifar da wani sinadari mai illa da ake kira NDMA, wanda iyakarsa maikurogiram 0.1 ce kacal a lita.

Idan sakamakonka ya nuna adadi mai yawa, abu na farko da zai zo wa shugabanni a rai shi ne a rage kulorin, kuma aikinka ne ka hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa ba a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don rage waɗannan sinadarai, kuma shawararta tana nan: ragowar miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 a pH ƙasa da 8, da aƙalla 0.2 a inda ruwan ya isa ga mai sha. Kwalara da taifod cikin kwanaki ko makonni suke kisa. Gyaran yana wajen rage narkakken abu kafin ya haɗu da kulorin: a daidaita yawan alif da pH ta gwajin kofuna ana duba shan hasken nan, ba dagulewa kaɗai ba, a matsar da wurin zuba kulorin daga ɗanyen ruwa zuwa bayan kwantarwa ko tacewa, a wanke tankuna, a rage daɗewar ruwa a cikinsu. Sauya maganin gaba ɗaya kuwa sai an yi hattara, domin birnin Washinton ya koma kuloramin a shekarar 2000 don rage THM, sai sauyin ya sa dalma ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututai tana shiga ruwan gidaje. Duk sauyin da kuka yi, ku ɗebi samfuri a wuraren nan da kuka tsayar kafin sauyin da bayansa, ku haɗa da gwajin ƙwayoyin cuta da na dalma a zagaye guda.